Tawada da Takarda a Gaban Alƙali

 

A cikin watan Mayu na shekara ta 2006 wani ƙunshi ya taso daga ƙasar Japan zuwa jihar Iowa ta Amurka. Ma'aikatan duwan suka buɗe shi, suka tarar da littattafai 7 na zane, irin waɗanda ake ba da labari da hotunan da aka zana da hannu. Aka mayar da ƙunshin yadda yake, aka bar mai shi ya je gidan waya ya karɓa, sa'an nan aka biyo shi da takardar izinin bincike. A gidansa aka kwashe littattafan zane fiye da 1,200, waɗanda ya yi shekaru yana tarawa. Mafi yawansu babu abin zargi a ciki. Kaɗan daga ciki kuwa na batsa ne, kuma a wasunsu siffofin da aka zana sun yi kama da ƙananan yara. Ba a sami hoton wani yaro na haƙiƙa a wurinsa ba, kuma ba a tuhume shi da taɓa kowa ba. A shekara ta 2009 ya amsa laifinsa, a watan Fabrairu na 2010 aka yanke masa watanni 6 a gidan kaso, da wasu shekaru yana ƙarƙashin sa idon hukuma.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da wannan, mu da muke zaune nesa da Iowa da Tokyo? Abin da ya haɗa mu shi ne tambayar da ke ƙarƙashin labarin, domin tsohuwar tambaya ce wadda malamanmu suka daɗe da taɓawa: ina ne hannun mai mulki yake tsayawa? Shin yana da ikon hukunta mutum a kan abin da ya ɓoye a ɗakinsa, alhali babu wanda ya kai ƙara, babu kuma wanda za a nuna a ce ga wanda aka zalunta? Idan kuwa ba shi da wannan iko, shin abin ya zama halal ke nan? Na zaɓi wannan misali ne saboda a cikinsa tambayar ta fito tsirara, babu abin da ya rufe ta.

Ya kamata mu fara da adalci ga littattafan kansu. Sunansu manga a harshen Japan, kuma a can ba kayan yara kaɗai ba ne. Akwai na ƙwallo, na tarihi, na girki, na aikin ofis, na yaƙi, na soyayya. Tsoho da yaro kowa da nasa. Mujallar Shonen Jump, wadda ke fitowa mako-mako, ta kai ga buga kwafi fiye da miliyan 6 a fitowa guda a shekara ta 1995. Labarin One Piece, wanda aka fara a 1997, an buga kwafinsa fiye da miliyan 500. Ƴaƴanmu da yawa sun san Dragon Ball da Naruto ta talabijin ko ta waya, kuma waɗannan ba su ne abin maganarmu ba. Maganarmu a kan wani reshe ne da ake yi wa manya, wanda tun 1991 masu bugawa suka riƙa sa masa alama a bango cewa na manya ne, bayan ƙorafin da iyaye suka tayar a ƙasar. To, salon zanen Japan yana da wata ɗabi'a: manyan idanu, ƙaramar fuska, jiki marar alamun shekaru. Mace mai shekara 30 a cikin labari tana iya fitowa da kamannin yarinya. Wasu masu zanen kuma da gangan suke zana yara. Daga nan ne duk rikicin ya taso.

Dokar Japan kanta tana da ban mamaki. Ayar doka ta 175 a kundin hukunta laifuffukansu, wanda aka kafa a 1907, ta hana rarraba kayan batsa da sayar da su da baje su a fili, da kuma ajiye su da niyyar sayarwa. Ba ta hana mutum ajiyewa don kansa ba. Masu bugawa kuwa suka sami mafita: su ja ɗan baƙin layi a kan wani wuri na zanen, sai a ɗauka an cika sharaɗi. Dubi irin wannan wasa! Ɓarnar tana nan yadda take, an rufe faɗin ɗan yatsa kawai, doka ta kau da kai. Sai a shekara ta 2004 kotun Tokyo ta fara samun wani mai buga manga da laifin batsa, a kan wani littafi mai suna Misshitsu, kuma babbar hujjar ita ce layin bai rufe isasshe ba. Bayan ɗaukaka ƙara aka mayar da hukuncin tara ta yen miliyan 1.5, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2007. A shekara ta 2014 majalisar Japan ta haramta mallakar hotunan batsa na yara na haƙiƙa, amma ta cire zane daga cikin dokar, bayan masu zane da masu bugawa sun yi tsayin daka. A 2015 wata jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin cin zarafin yara ta ziyarci ƙasar, ta yi kira da a hana mafi munin waɗannan zane-zane. Ke nan littafin da ya kai mutumin Iowa gidan kaso, a kanti ake sayar da irinsa a Japan da rana tsaka.

A Amurka lamarin ya fi sarƙaƙiya. A 1969 Kotun Ƙolinsu, a shari'ar Stanley da jihar Jojiya, ta yanke cewa hukuma ba ta da ikon hukunta mutum don ya ajiye kayan batsa a cikin gidansa. Amma a farkon shekarun 1970 ita dai kotun ta ce wannan kariya ba ta bin kaya a hanya: gwamnati na iya hana shigo da su daga waje ko aika su ta gidan waya, ko da don amfanin mutum shi kaɗai ne. Wato an yarje maka ka ajiye, ba a yarje maka ka kawo ba. A 1973, a shari'ar Miller da jihar Kalifoniya, aka kafa ma'aunin da ake gane batsa da shi: a duba ko mutumin gari matsakaici, bisa al'adar mutanen wurin, zai ga cewa aikin gaba ɗayansa sha'awa yake tayarwa; ko ya nuna abin ta hanya mai muni a fili; da ko ya rasa wata ƙima ta gaske ta adabi ko fasaha ko siyasa ko ilimi. A 2002 kotun ta soke wani sashe na dokar 1996 wadda ta hana duk hoton da ya yi kama da na yaro ko da babu yaron, ta ce dalilin hana hotunan yara shi ne cutar da aka yi wa yaron da aka ɗauka, inda babu yaro kuwa wannan dalilin ya faɗi. Majalisa ba ta yi jinkiri ba, a 2003 ta fito da sabuwar doka mai suna PROTECT, wadda ta ambaci zane da sunansa, ta ce idan ya siffanta yaro kuma ya cika ma'aunin batsa, laifi ne, ba sai an sami yaro na haƙiƙa ba. Da wannan dokar aka kama mutumin Iowa.

Sauran ƙasashe kowace da tafarkinta. Ingila ta haramta mallakar irin wannan zane a dokar 2009, wadda ta fara aiki a Afrilu 2010, hukuncinta yana kaiwa shekara 3; a 2014 aka yi wa wani mutum a Middlesbrough ɗaurin je-ka-gyara-halinka na watanni 9 a kan manga. A Ostareliya, a 2008, wata babbar kotu ta ce ko siffofin zanen barkwanci suna shiga cikin ma'anar "mutum" a dokarsu. A Kanada, a 2010, ma'aikatan duwan na filin jirgin Ottawa suka bincika kwamfutar wani matashi Ba'amurke da ya zo ziyarar abokinsa, suka tsare shi. Sai a 2012 aka janye tuhumar, bayan ya yi kusan shekara 2 cikin zullumi da bashin lauyoyi. A Suwidin kuma wani mai fassara manga, wanda wannan ita ce sana'arsa, kotu biyu suka same shi da laifi a 2010 da 2011, sa'an nan a watan Yuni na 2012 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce kusan dukan siffofin na ƙirƙira ne, ba wanda zai ɗauke su yara na gaske.

Abu guda ne, ya ɗan'uwa, amma a Tokyo haja ce, a Stockholm an wanke mai shi, a Iowa kaso, a Ottawa wahala ba tare da hukunci ba. Mai tarawa kuwa shi ya fi kowa shiga tarko, saboda ɗabi'ar tarawa kanta. Mai karatu yakan sayi littafi ɗaya ya karanta. Mai tarawa yana saye da yawa a dunƙule, yana neman ya cika jeri, yana odar abin da bai buɗe ba, sau da yawa cikin harshen da ba ya ji. Cikin littafi 1,200, bakwai sun isa. Kuma kowane ƙunshi sai ya ƙetare iyaka, inda kariyar ɗaki ba ta kaiwa.

Yanzu mu saurari ɓangarorin biyu, kowanne da mafi ƙarfin hujjarsa, domin ba ya halatta mu raunana maganar wanda muka saɓa wa don mu ji daɗin rushe ta.

Masu kare waɗannan mutane, kamar ƙungiyar nan ta Amurka mai tallafa wa masu littattafan zane a kotu, wadda ta shiga shari'ar Iowa da ta Ottawa, suna cewa: laifi yana bukatar wanda aka cuta. Hoton yaro na haƙiƙa shaida ce ta zaluncin da ya auku, kuma duk wanda ya kalla ya ƙara wa yaron ciwo. Zane kuwa tawada ce da takarda. Idan za a ɗaure mutum don ya mallaki zanen laifi, me zai hana a ɗaure mai littafin da aka zana kisan kai a ciki? Suna ƙarawa da cewa masu bincike ba su haɗu a kan cewa kallon zane yana kai mutum ga aikatawa ba, kuma lokacin da ƴan sanda suka ɓata a kan takarda, an ɗebe shi ne daga neman masu cutar da yara na gaske. Hujjarsu mafi nauyi a ganina ita ce ta rashin tabbas. Wani alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, Potter Stewart, ya taɓa furtawa a 1964 cewa ba zai iya ba da ma'anar batsa ba, sai dai idan ya gan ta yana gane ta. Mu ma muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai dai wannan karin magana ta kasuwa ce. Ba a ɗaure mutum da ƙiyasin ido, domin idon alƙalin yau daban, na gobe daban. Dokar da mutum ba zai san ya karya ta ba sai ranar da aka karanta masa hukunci, akwai zalunci a cikinta ko da niyyar masu yin ta kyakkyawa ce.

Masu goyon bayan hani kuma suna cewa: cuta ba ta tsaya ga wadda ake gani da ido a jikin mutum guda ba. Jami'an da ke binciken irin waɗannan laifuffuka sun sha bayyana cewa miyagu suna amfani da zane wajen yaudarar yara, su nuna musu abin kamar wasa ne da kowa yake yi. Ban da haka, kasuwar da ke sayar da siffar yaro a matsayin abin sha'awa tana koya wa zukata wani abu, kuma abin da zuciya ta saba da shi, nauyinsa yakan ragu a wurinta. Al'umma tana da haƙƙin ta ce akwai abin da ba a saye ba a sayarwa a cikinmu, ko da ba a kawo takardar likita mai nuna rauni ba. Game da kwatanci da zanen kisan kai, suna amsawa da cewa mai karanta labarin kisa ba kisa yake yi a lokacin karatunsa ba, amma mai neman zanen batsa, sha'awar da yake ciyarwa ita ce ainihin abin da ake tsoro.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma abin da ya hana su haɗuwa shi ne dukansu sun ɗauka tambaya ɗaya ce, alhali biyu ce. Ta farko: shin wannan aiki mummuna ne? Ta biyu: shin alƙali ne zai hukunta shi, kuma ta wace hanya? Inda aka wayi gari babu wani ma'auni sai dokar gwamnati, dole mai ƙin abu ya nemi a ɗaure mai yin sa, dole kuma wanda kotu ta saki ya ɗauka an wanke shi daga komai. Malaman fiƙihu sun raba waɗannan tun da daɗewa. Akwai hukuncin da alƙali yake zartarwa bisa zahiri da shaidu, akwai kuma abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Hassada zunubi ce mai cin lada, amma ba a taɓa jin alƙalin da ya ɗaure mutum saboda ita ba. Haka girman kai, haka riya.

Tambaya ta farko ba ta da wuya a wurinmu. Suratun Nur ta umarci muminai maza da mata da runtse gani, kuma ita ce ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin jama'a. Umarnin runtse gani bai rataya ga samun wanda aka cuta ba, domin wanda ake karewa da farko shi ne mai kallon kansa. Saboda haka maganar cewa tawada ce da takarda, ko da ta isa hujja a gaban kotu, ba ta isa ba a nan. Wasiƙar ƙarya ma tawada ce da takarda. Abin dubawa shi ne me aka rubuta, don me aka saya, kuma me yake aikatawa a zuciyar wanda ya kulle ƙofa ya buɗe shi. Idan siffar ta yaro ce, munin ya ninka, domin an ɗauki wanda aka ba mu amanarsa an mayar da kamanninsa abincin sha'awa. Masu cewa babu wanda aka zalunta sun manta da cewa mutum yana zaluntar kansa.

Tambaya ta biyu ita ce mai bukatar natsuwa, kuma a nan ne nake jin tsoron wasu daga cikinmu za su yi gaggawa, saboda ƙyamar abin ta sa su ce a kama, a ɗaure, a tona. Shari'ar da ta hana alfasha ita ce kuma ta hana bin diddigin asirin mutane, a cikin Suratul Hujurat. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, yana zagayen dare a Madina ya ji hayaniya a wani gida, ya haura katanga, ya tarar da mutum a kan saɓo. Mutumin ya amsa cewa shi ya saɓa a abu ɗaya, amma Sarkin Musulmi ya saɓa a uku: ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, kuma bai nemi izini ba. Umar ya karɓi maganar, ya ƙyale shi bisa alkawarin tuba. Imam Gazali ya kawo wannan labari a babin umarni da kyakkyawa na littafinsa Ihya, inda ya sanya sharaɗin cewa munkarin da ake hanawa sai ya kasance bayyananne ba tare da bincike ba. Mawardi ma, a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki, ya hana mai hisba tona abin da aka rufe, sai fa inda ake tsoron ɓarnar da ba ta gyaruwa idan ta auku, kamar a ba shi labarin an keɓe da wani za a kashe shi. Dubi yadda hukuncin kotun Amurka na 1969 ya zo kusa da wannan, ko da yake tushensu daban: su sun gina a kan ƴancin mutum ya karanta abin da ya so, mu kuma a kan alfarmar gida da suturta bayin Allah. A wurinsu an ce haƙƙinsa ne. A wurinmu ba a ce haƙƙinsa ne ba, an dai ce ba aikinka ba ne ka haura katangarsa.

To amma ƙunshin da ya biyo gidan waya fa? A nan ina ganin hukuma tana da ƙafar tsayawa. Abin da ya fito daga kanti, aka biya kuɗinsa, ya hau jirgi, ya ratsa hannun ma'aikata, ya riga ya bar ɗaki ya shiga kasuwa, kasuwa kuwa tun asali wurin mai hisba ce. Kowane mai saye yana ƙara wa mai bugawa dalilin sake bugawa. Malaman mazhabar Malikiyya suna da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato a hana abin da galibi yake kaiwa ga haram tun bai kai ba, kuma shugaba yana da ikon ta'aziri a kan laifin da ba shi da haddi. Saboda haka ƙasar da ta ce ba za a buga wannan ba, ba za a sayar ba, ba za a shigo da shi ba, ban ga zaluncinta ba. Abin da Japan ta yi na barin kasuwar a buɗe da ɗan baƙin layi, shi ne ya fi ba ni mamaki a cikin dukan labarin.

Inda nake da ja shi ne a kan wa nauyin ya sauka, da kuma yawansa. Ta'aziri gyara ake nufi da shi, kuma ana auna shi da girman laifi da halin mai laifi. Wanda ya zana, ya buga dubbai, ya ci riba, yana zaune lafiya a ƙasarsa. Wanda ya sayi bakwai shi ne a kaso. Wanda bai taɓa yaro ba an jera sunansa a jarida tare da waɗanda suka taɓa, kuma wannan tabo ba ya wankuwa ko da kotu ta sake shi daga baya. Mai fassarar Suwidin ya ci nasara a ƙarshe, amma shekara 2 ya yi ana kiransa da sunan da ba wanda yake so a kira shi da shi. Mutunci yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don ta tsare, tare da addini da rai da hankali da dukiya, a ƙidayar malaman da suka haɗa shi da nasaba. Kuma idan ana tunkuɗe haddi saboda shubuha, yaya za a ɗaure mutum a kan shekarun wata siffa wadda ba a haife ta ba, ba ta da takardar haihuwa, sai abin da mai kallo ya ƙiyasta daga girman idanunta? Inda zanen ya fito fili cewa yaro ne, babu shubuha. Inda ake gardama, ƙwace kayan da gargaɗi sun fi kusa da adalci a kan kaso.

Akwai wani wuri a shari'ar Iowa da na daɗe ina tunani a kansa. Mutumin bai tsaya an yi shari'ar har ƙarshe ba. A tsarinsu mutum 12 daga cikin talakawan gari ne suke yanke ko akwai laifi, kuma da an ci gaba, sai an ɗora littattafan a gabansu shafi-shafi. Shi da lauyansa suka auna, suka ga cewa idan waɗannan mutane suka gani, ba za a tsira ba, hukuncin kuma zai iya kai shekaru masu yawa. Sai ya amsa laifi don a sassauta. Ba na cewa amsawarsa hujja ce a kansa ta fuskar doka, domin marar laifi ma yakan amsa saboda tsoro, kuma wannan aibi ne a tsarin. Amma ta ɗaya fuskar, hadisin Nawwasu ɗan Sam'ana da ke cikin Sahihu Muslim ya sanya ƙin mutane su tsinkayi abu a cikin alamomin zunubi. Ma'aunin Miller ya kira maƙwabta ne bayan an kama mutum. Hadisin ya sa mutum ya kira su a zuciyarsa tun kafin ya aika kuɗin oda. Sai dai a lura da bambanci: al'adar mutanen wuri tana sauyawa, abin da Iowa ta ƙi wata jiha tana iya karɓa, kuma garin da ya lalace gaba ɗaya ba zai ga munin komai ba. Kunyar da hadisin yake nufi ta zuciya ce mai sauran rai, a gaban mutanen kirki.

Kada kuma mu ɗauka wannan magana ta masu kabad cike da littattafai ce kawai. Yau ɗakin ajiya ya koma cikin waya. Saurayi yana shiga wani rukuni don labarin ƙwallo ko zanen yaƙi, wani ya turo abin da bai nema ba, wayar ta ajiye da kanta. Matashin Ottawa a kwamfutarsa aka samu, a bakin iyaka, inda ma'aikata suke da ikon bincike fiye da na ɗan sanda a titi. Ɗalibanmu da ƴan kasuwarmu suna sauka a irin waɗannan filayen jirgi, kuma a Faransa ma ayar doka ta 227-23 ta haɗa hoton yaro da siffanta shi, ba ta tsaya ga hoton kyamara ba. Cewa ban sani ba, ko a inda na samo shi ba laifi ba ne, ba ta fid da kowa a can.

Sa'an nan ga wani sabon abu da ya fara rushe katangar da kotun Amurka ta gina a 2002 tsakanin hoto da zane. Na'ura yanzu tana ƙirƙiro hoton da ido ba ya rarrabe shi da na haƙiƙa, kuma tana iya ɗaukar fuskar yarinyar da ke raye, ta unguwa ko ta makaranta, ta ɗora a kan abin da ba ta taɓa yi ba. A nan maganar babu wanda aka cuta ta ƙare, domin ga yarinyar, ga iyayenta. Majalisu sun fara mayar da martani da dokoki masu faɗi: a 2025 jihar Texas ta kafa dokar da ta haɗa hoton na'ura da zanen hannu a hukunci guda, idan na batsa ne kuma ya yi kama da yaro. Wasu masu sayar da manga a can suka shiga duba kantunansu, suna auna wanne ne zai tsaya, wanne za a sauke.